Mugun Tunani Ƙuduji Ne: A Cire Shi Tun Bai Yi Fure Ba

  

Yau dai ba girki za mu yi ba, ba kuma ɗinki ba. Zance na zo mana da shi a kan wani baƙo wanda yakan faɗo wa mace ɗaki ba sallama, ya zauna mata a ƙirji, ya hana ta barci, ya hana ta jin daɗin tuwo, alhali kuwa ko wanda suke kwana ɗaki guda bai san da zuwansa ba. Wannan baƙo shi ne mugun tunani, watau irin saƙe-saƙen nan da ba su gaya miki kome sai cewa ba ki da amfani, ba mai ƙaunarki, kuma abin da ke tafe ya fi wanda ya wuce muni.

Ni malamar makarantar firamare ce a ƙasar Ɗambatta, Bahaushiya gaba da baya, kuma Kirista. Abin da zan faɗa a cikin addinina na same shi, don shi na sani, kuma da shi Allah Ya fid da ni. Na san mafi yawan masu karanta wannan fili Musulmi ne, to, don Allah kada wata ta ce ba da ita ake ba ta juya shafi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, baƙin ciki kuwa ba ya tambayar addini kafin ya shiga gida.

MU 'YAN KAƊAN NE

Wataƙila wata ta yi mamaki ta ce, ashe da Hausawa Kirista a arewacin Kano? Akwai mu, ko da yake ba mu da yawa. Galibinmu jikokin Maguzawa ne, manoman gero da dawa da gyaɗa, a 'yan unguwanni da ke warwatse cikin karkara. Turawan mishan na SIM sun fara sauka Nijeriya a 1893, amma ba su sami damar aiki sosai a ƙasar Kano ba sai cikin shekarun 1930. A 1937 suka karɓi aikin jiyyar kutare a Yadakunya, a 1943 suka buɗe asibitin ido a Kano, suka kuma kafa tashoshi a wurare irin su Roni da Tofa. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, bayan doguwar wahalar da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha, ikilisiyar ECWA kuwa aka kafa ta a 1954. Ta waɗannan hanyoyi ne bishara ta iso wa kakanninmu.

Na kawo wannan tarihi ne da dalili. Duk jama'ar da ba ta da yawa takan so ta rufa wa kanta asiri. Tun muna yara ake nuna mana cewa ido yana kanmu, saboda haka mai bi ba ya yawo da fuska a murtuke, kada a ce addininsa bai tsinana masa kome ba. Nufin iyayenmu mai kyau ne, amma abin da ya haifar shi ne mace ta shiga sujada ta rera waƙa da ƙarfi, ta dawo gida ta juya fuska ga bango ta yi ta kuka. Na sani, don na yi.

ABIN DA YA SAME NI

Shekara uku ke nan da suka wuce Allah Ya ba ni ɗan fari, namiji. Kwanansa biyar a duniya ya koma, ko suna ba a yi ba. A wannan daminar kuma ƙuduji ya cinye gonar maigidana, damin da ya ɗaure bai kai rabin abin da ya saba samu ba. Ina cikin wankan jego ba jariri, sai wata rana na ji wata daga cikin dangin miji tana faɗa a tsakar gida, da ɗaga murya yadda zan ji, wai tun da aka kawo ni gidan ba a ga alheri ba, wai farar ƙafa gare ni.

Ku duba fa, ni ce nake tsayawa gaban yara ina koya musu cewa farar ƙafa camfi ne. Da rana na san ƙarya ce. Amma da zarar dare ya raba sai maganar ta dawo ta zauna mini a bakin gado. Tun tana zuwa da muryar matar nan har ta koma zuwa da tawa muryar. Sai in ji zuciyata tana lissafi: ɗa ya mutu, gona ta lalace, akuya ma ta yi ɓari, to, wa ya jawo in ba ke ba?

Da na koma aiki, sai in ɗauki alli in tsaya gaban allo in rasa abin da na zo rubutawa. Hayaniyar yara, wadda a da take ba ni dariya, ta koma kamar ana sara mini kai. Na rame har zane ya daina zama a ƙuguna. Nakan farka tun kafin carar zakara ta fari, barci kuma ya tafi ke nan. Na daina zuwa taron Zumuntar Mata, watau ƙungiyar matan ikilisiya, duk wadda ta tambaye ni sai in ce lafiya lau, gajiya ce kawai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani tunani na biyu da ya hau kan na fari, wai da ni mai bi ce ta gaske da ban shiga wannan hali ba, ashe ke nan Allah ma Ya juya mini baya. Daga nan ko addu'a na durƙusa zan yi sai bakina ya yi nauyi.

ZUWAN GWAGGO

Akwai wata dattijuwa a Zumuntarmu, kowa Gwaggo yake ce mata. Ba ta yi boko ba, karatun Littafi ma a ajin manya na majami'a ta koya, da yatsa take bin layi. Wata rana da la'asar sai ga ta da ƙwaryar gyaɗa, ta ce hannunta ya gaji, in taya ta ɓara. Ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta kuma tambaye ni abin da ya hana ni zuwa taro ba. Muka ɓare gyaɗa, ta dama kunu ta tsare ni sai da na shanye, ta tafi. Bayan kwana biyu ta dawo. A zuwanta na uku ne ta ce, "'Yar nan, me zuciyarki take gaya miki in dare ya yi?"

Ban san sa'ad da na fashe da kuka ba. Na gaya mata duka, har abin da ban taɓa gaya wa maigidana ba. Ta ƙyale ni sai da na yi mai isata, sa'an nan ta ce, "Shekararki nawa a gidan nan?" Na ce, "Biyu, Gwaggo." Ta ce, "To, gonar nan tun mijinki yana goye nake ganin ƙuduji a cikinta. Ke kika shuka shi tun ba a haife ki ba?" Na yi shiru. Ta ce, "Ni na haifi tara, na binne uku. Dubi ƙafata, fara ce?" Ta miƙo ƙafa, duk kaushi da faso. Rabona da dariya wata huɗu, ran nan na yi ta, hawaye na zuba.

Da ta tashi tafiya ta ce, "Tunanin nan naki shi ma ƙuduji ne, a ɓoye yake cin mutum. Tun da kin tumɓuke shi kin nuna mini, kada ki mai da shi ƙasa."

HALIN ƘUDUJI

Ku da kuka tashi a birni, bari in gaya muku halin ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ƙasarmu ta Ɗambatta, kamar sauran karkarar Kano, cike take da jama'a, gona ba ta samun hutu, kowace shekara sai an noma ta, taki ne kawai yake riƙe da ita. Irin ƙuduji ƙanƙane ne kamar ƙura. Malaman gona sun ce tushe ɗaya yakan zub da iri dubu-dubai, kuma irin yakan yi fiye da shekara 10 a cikin ƙasa yana jira. Ba ya tsira sai ya ji saiwar gero ko dawa kusa da shi, sa'an nan ya manne mata yana tsotse ruwa da abincin da ta jawo. Mafi yawan ɓarnarsa a ƙarƙashin ƙasa yake yin ta. Manomi dai sai ya ga gero ya ƙi tashi, ya yi rawaya kamar ana fari, alhali ga ruwa ana yi. Kafin furen nan nasa mai kyan gani ya fito, aikin gama ya gama. Ya kuma fi ƙarfi a gonar da ta gaji.

Haka mugun tunani yake. Irinsa yakan daɗe a zuciya, wataƙila gori ne da aka yi miki tun kina yarinya, ko wani ya taɓa ce miki ba za ki zama kome ba. Yana nan kwance sai ranar da kika gaji: bayan haihuwa, ko rashi, ko doguwar jiyya, ko ranar da aka yi miki kishiya, ko rumbu ya ƙare tun shuka ba ta yi ƙwari ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Manomin kirki kuwa ba ya zagin gero don ƙuduji ya kama shi. Yakan tumɓuke ƙudujin tun bai yi fure ba ya ƙone, ya kai taki, ya kuma haɗa shuka da gyaɗa don ƙasa ta farfaɗo.

ABIN DA NA TARAR A LITTAFI

Gwaggo ce ta ce in je in karanta labarin Annabi Iliya, wanda 'yan'uwa Musulmi suka sani da Ilyasu, a Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Na sha karanta shi, amma ban taɓa ganin kaina a ciki ba sai wannan karo. Ga mutumin da ya gama cin babbar nasara a kan annabawan gunki a Dutsen Karmel, amma da sarauniya Yezebel ta aiko masa cewa za ta kashe shi, sai ya gudu. Ya bar baransa a Biyer-sheba, ya nausa jeji shi kaɗai, ya zauna gindin wani ɗan itace ya roƙi Allah Ya ɗauki ransa. Annabi ne fa guda!

To, ku lura da abin da Allah Ya yi masa. Bai tsawata masa ba. Da fari barin sa Ya yi ya yi barci, aka tashe shi aka ba shi gurasa da ruwa, ya sake kwanciya, aka sake ciyad da shi. Sai da ya yi ƙarfi ya kai Dutsen Horeb sa'an nan Allah Ya tambaye shi abin da ya kawo shi, Ya bar shi ya zazzage cikinsa har sau biyu. Kukan Iliya shi ne wai shi kaɗai ya rage mai bin Allah a ƙasar duka. A ƙarshe ne Allah Ya gyara masa lissafi, Ya sanad da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunki ba, Ya ba shi aikin yi, Ya kuma haɗa shi da Elisha. Da na rufe Littafin sai na ga ashe wannan sawun Gwaggo ta bi da ni: ta fara da kunu, ta ba ni kunne, sa'an nan ta gyara mini lissafi.

Sai kuma Hannatu, a farkon Littafin Sama'ila na Fari. Ita kishiya ce ta sa ta gaba da gorin haihuwa shekara da shekaru, har ta daina cin abinci. Ta tafi ɗakin Ubangiji a Shilo tana addu'a, leɓe na motsi ba murya, har Eli firist ya zaci ta sha ta bugu. Ba ta yi wa Allah kara ba, ta faɗi ɗacin ranta yadda yake. Abin da ya kama hankalina shi ne, da ta tashi daga wurin sai ta je ta ci abinci, fuskarta ta saki, alhali ko cikin ba ta samu ba tukuna. Watau sanyin zuciya ya riga biyan bukata isowa.

Shi kansa Yesu Almasihu ya yi kuka a kan mutuwar abokinsa Li'azaru. A daren da za a kama shi kuma, a gonar Getsamani, bai ɓoye nauyin ransa ba, ya gaya wa uku daga cikin almajiransa, ya nemi su zauna tare da shi. In haka ne, wa ya gaya mana baƙin ciki rashin bangaskiya ne? Bangaskiya ba ta hana hawaye zuba, inda za ki kai su take nuna miki.

HANYOYIN DA NA BI

Na farko, ki gaya wa Allah abin yadda yake. Kada ki tsaya neman manyan kalmomi irin na shugaban sujada. Cikin Zabura 150 da muke da su, da yawa kuka ne tsantsa, kuma ba a fid da su daga Littafi ba. In bakinki ya yi nauyi kamar yadda nawa ya yi, ki nemi wata ta yi addu'ar ke ki ce amin.

Na biyu, ki tuhumi tunanin, kada ki karɓe shi don kawai daga cikinki ya fito. Manzo Bulus ya rubuta wa masu bi na Filibi wasiƙa daga kurkuku, a sura 4 ya jera musu irin abubuwan da ya kamata su riƙa ajiye hankalinsu a kai, abu na fari a jerin kuwa gaskiya ce. Saboda haka ba ana cewa ki ruɗi kanki ki ce kome lafiya ba ne. Ni sai na sami littafin rubutu na raba shafi gida uku, kamar yadda nake duba lissafin yara. A gida na fari in rubuta abin da zuciya ta ce, a na biyu shaidar da take da ita, a na uku abin da na tabbata gaskiya ne. Alal misali, zuciya ta ce ba mai ƙaunata. Ina shaida? Mace ɗaya ta yi mini gori. Mene ne gaskiya? Maigidana yana ɗebo mini ruwan wanka tun asuba, uwata ta yi kwana arba'in a ɗakina, maƙwabciyata Musulma ba ta fasa aiko mini da kunun kanwa ba ko rana ɗaya. Da na jera su sai na ga mutum ɗaya na bari ta rufe mini ido ga mutum goma.

Daga baya na karanta cewa likitoci ma wannan hanya suke bi. Cikin shekarun 1960 wani likitan Amurka, Aaron Beck, ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba shiri, a kan kansu, da duniya, da abin da ke tafe, kuma in aka koya musu su kama tunanin su auna shi da shaida sukan sami sauƙi. Ya rasu a 2021 yana da shekara 100, hanyarsa kuwa ta bazu asibitocin duniya. Gwaggo ba ta taɓa jin sunansa ba, amma tambayar da ta yi mini a kan gonar nan ita ce tasa.

Na uku, ki nemi mutum ɗaya mai riƙon amana. Ban ce ki kwashe asirin gidanki ki kai bakin rijiya ba. Mutum ɗaya ya isa: uwarki, ko yayarki, ko matar fasto, ko wata dattijuwa wadda kika san bakinta da linzami. Iliya ma sai da ya rabu da baransa tunanin ya yi masa rubdugu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, ki kai wa gonar taki, watau ki kula da jikinki. Ki ci abinci ko ba ki jin yunwa, ki kwanta da wuri, ki fito tsakar gida ki sha hantsi. Mace mai jego wadda ta zub da jini, ba ta ci ba ta barci, ba abin mamaki ba ne duniya ta yi mata duhu.

Na biyar, ki ba hannunki ɗan aiki, ki kuma riƙa ƙirga alheri. Ni da ɗinkin hula na fara. Kowane dare kuma sai na ambaci abu uku da zan gode wa Allah a kai kafin in kwanta, ko da ruwan sanyi ne na randa. Kwanakin fari da ƙyar nake samun ɗaya.

ADDU'A DA ASIBITI BA KISHIYOYI BA NE

A nan sai mu natsu, 'yan'uwa. Akwai tunanin da yakan wuce da lallashi, akwai kuma wanda ya riga ya zama ciwo, shi ne likitoci ke kira ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum wajen miliyan 280 ne ke fama da shi a duniya, mata sun fi maza yawa, kuma yakan sami fiye da ɗaya cikin 10 na mata masu ciki da masu jego. In kin yi mako biyu ko fiye kullum rai a ɓace, abin da kike so a da ya fita ranki, barci da cin abinci sun rikice, kina ganin kanki kamar kaya a wuyan mutane, to, ki je asibiti. In kuwa zuciya ta fara raya miki ki cuci kanki ko jaririnki, kada ki kwana da wannan magana, ki gaya wa wani a ranar, a kai ki ga likita.

Ni ma na je. Maigidana da Gwaggo suka raka ni, aka duba aka tarar jinina ya yi ƙasa, aka ba ni magani, aka kuma zauna da ni aka saurare ni. Wannan bai rage mini bangaskiya ba ko kaɗan, don Luka da ya rubuta ɗaya daga cikin littattafan bishara shi ma likita ne. Ki fara da asibitin da ke kusa da ke. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai asibitin Dawanau, akwai kuma sashen masu wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A farkon 2023 aka sanar cewa shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi a kiyaye mutuncin mai jiyya. Ku yi hankali da masu cewa sammu ne ko aljanu don su karɓe 'yar akuyarku, balle masu ɗaure mutum da mari suna duka.

Na san abin da ke hana mu zuwa, kunya ce, kada a ce wance ta taɓu. To, ku tuna sunan wurin nan da na ambata da fari, Yadakunya. Kutaren da suka ya da kunya suka fito su suka sami magani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

GARE KU MASU GIDA DA SURUKAI

Na san wasu maza sukan leƙa wannan fili a ɓoye, to, ga naku. In ka ga matarka ta yi shiru, ta rame, tuwo ya fara ƙonewa a hannunta, kada ka fara da faɗa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ranar da maigidana ya ji abin da aka faɗa a kaina, bai ta da hayaniya ba, ya sami mai maganar cikin ladabi ya ce mata, "Inna, gonar tawa ce, ƙudujin ma na gada ne, a bar yarinyar nan ta huta." Wannan magana ta yi mini abin da allura ba ta yi ba.

Ku kuma iyayenmu surukai, da shugabannin Zumunta, da matan fastoci, kalma ɗaya da kuka yar a tsakar gida tana iya yin shekara goma a zuciyar yarinya. In wata ta daina zuwa taro, kada a fara da cewa ta ja da baya. A ɗauki ƙwaryar gyaɗa a je. Maƙwabciyata mai kunun kanwa ta gaya mini cewa a addininsu ma an hana yanke ƙauna daga rahamar Allah, saboda haka wannan aiki namu ne duka.

Kada wata ta zaci labarina ya ƙare da goyo. Har yau Allah bai sake ba ni haihuwa ba, kuma ranar da na ga sa'o'in ɗana suna gudu a ƙofar gida nakan shiga ɗaki in share hawaye. Amma na koma aji da ƙarfina, na koma Zumunta, ina cin tuwona. Bana maigida ya kai taki da amalanke, muka bi kunya-kunya muka tumɓuke ƙuduji tun bai yi fure ba. Bai ƙare ba, baɗi ma zai fito, don irinsa yana nan a ƙasa. Nawa ma yakan leƙo wani dare, sai dai yanzu na san kamanninsa, na kuma san inda zan kai shi.

'Yar'uwa, in wannan zance ya taɓa ki, kada ki ninke jaridar nan ki koma ɗaki ki yi shiru. Kafin rana ta faɗi yau ki nemi mutum ɗaya ki ce masa, zo ka ji abin da zuciyata take gaya mini. Kome nisan dare gari zai waye. Allah Ya sanyaya mana zukata, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.